Yaron da ke kwance a asibiti ma yana da abin bayarwa

A wasu asibitocin yara na Amurka, idan 11 ga Satumba ta matso, akan kawo wa yaran da ke kwance takardu masu launi da gam da almakashi. Wani ya yi katin godiya, wani ya haɗa motar kwana-kwana da kwali, sai a tattara a kai wa 'yan sanda da sojoji da masu kashe gobara. A wannan rana ce a 2001, a harin da aka kai wa tagwayen dogayen benaye na birnin New York, hukumar kashe gobara ta birnin ta rasa mutum 343, rundunar 'yan sandan birnin ta rasa 23. Da yawansu suna hawa matakalar benayen ne lokacin da kowa ke sauka don tsira da rai.

Na san wani zai ce, yaro yana fama da kansa, ai shi ya kamata a kawo wa kati. Jama'a, ni ban ga haka ba.

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar yaro ya san yadda wuni yake a ɗakin yara. Da asuba a tashe shi a ɗibi jini. A juya shi, a sa masa ƙarin ruwa, a matse masa hanci ya haɗiye magani. 'Yan dubiya su shigo da lemo da ayaba, kowa "sannu, Allah ya ba ka lafiya". Komai yi masa ake yi, ba a tambayar ra'ayinsa, har yaro mai surutu ya koma kallon rufin ɗaki. Na ga ɗan yayata, mai ciwon sikila, an ɗaure masa allurar ruwa da filasta a bayan hannun dama, ya nace da hagu zai yi zane. Da kwalin magani da murafen kwalba huɗu ya yi mota, ya hana kowa taɓa masa. Ranar ce ya ci tuwo ba tare da an lallashe shi ba. To ina ga a ce masa akwai wani babban mutum mai kaki da ke jiran wannan mota? Hannun da ke bayarwa shi ne a sama, kuma yaro ma yana jin hakan a ransa.

Abin ba shirme ba ne. Tun 1955 Emma Plank ta fara shirin wasa da karatu ga yaran da ke kwance a asibitin birnin Cleveland, bisa gayyatar Dakta Frederick Robbins, wanda ya samu kyautar Nobel kan binciken ƙwayar cutar shan inna. Yau sana'a ce mai zaman kanta a can, da horo da albashi. Aikin masu sana'ar rage wa yaro tsoro.

Kuma masu kakin nan sun san tsoro. Ɗan kwana-kwana da ya shiga hayaƙi, da yaron da za a shiga da shi tiyata gobe, kowa ya san bugun zuciyar ɗan uwansa ko ba a faɗa ba.

Mu a nan muna da 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, amma takan ƙare a ajiye furanni da sakin tantabaru a Abuja. 'Yan kwana-kwana kuwa ba ma tuna su sai kasuwa ta kama da wuta, sannan a bi su da zagi, wani lokaci har da jifa, don sun zo ba isasshen ruwa, alhali ba su ke sayen motar ba. Ban ce duk mai kaki salihi ba ne. Kowa yana da labarin shingen hanya. Amma akwai wanda ya kwana a daji don mu kwana a gida, kuma yaba kyauta tukuici.

Sharaɗina ɗaya: kada a mai da yaran nan kayan ɗaukar hoto. Wanda jikinsa bai ba shi ba, a ƙyale shi ya huta. Kada a sa fuskar majinyaci a Facebook ba da yardar iyayensa ba.

Ranar 4 ga Mayu ita ce ranar masu kashe gobara ta duniya. Ƙungiyoyin matasa da ke kai sabulu da omo asibiti, ku haɗa da kwali da fensir mai launi. Ku fara neman izinin shugabar nas-nas ta ɗakin, domin akwai gadajen da ba a kai musu kaya daga waje.