Yawan ambato ba shi ne awon masanin ƙwaƙwalwa ba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta kama jami'o'inmu wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. Da an ce wane masanin kimiyya ne, sai a garzaya Google Scholar, shafin intanet da ke tattara takardun bincike, a duba sau nawa wasu masu bincike suka ambaci takardunsa a cikin nasu, a ɗauko lambar a yi ta yawo da ita. Kwamitin ƙarin girma ma tambayarsa ke nan: takarda nawa ka buga, a wace mujalla? Lambar tana da amfaninta. Amma duk wanda ya san inda take fitowa ba zai auna darajar mai bincike da ita kaɗai ba.

Ku dubi Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila. Aikinsa a kan cutar Alzheimer ne, wadda ke cinye tunanin tsofaffi har uwa ta kasa gane ɗanta, musamman wani furotin da ake kira tau. A 2021 shi da abokan aikinsa suka wallafa nazari a mujallar Nature Communications, inda suka bi takardu 5,219 na binciken ƙwaƙwalwa da aka yi a Afirka daga 1996 zuwa 2017. Ƙasashe biyar ne, Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya da Maroko da Tunisiya, suka fitar da kusan kashi uku cikin huɗu. Takardun da aka yi da haɗin gwiwar masu binciken ƙasashen waje sun fi samun ambato. Kuma aikinmu da yawa a kan magungunan itatuwa ya ta'allaƙa, na'urorin zamani kuwa sai ɗai-ɗai.

Wannan sakamakon ya taɓa ni, domin na san abin da ke bayansa. Malami ne zai sayi sinadaran gwaji da albashinsa. Ya jiƙa ganye, ya ba ɓeraye, ya zauna da agogo yana lura da yadda suke gane hanya. Ya cire ƙwaƙwalwar ya sa a firji, a ɗauke wuta kwana biyu, aikin wata da watanni ya narke. In ma ya tsira, ba shi da madubin da zai nuna abin da ganyen ya yi a cikin ƙwayar halitta, manyan mujallu kuma ba sa karɓar magana sai da wannan hujjar. To shi ke nan, takardarsa ta kwanta a inda ba mai karantawa. Kansa bai gaza na kowa ba, kayan aiki ne babu.

Ita lambar kanta tana iya yaudara. A 2006 mujallar Nature ta buga wata takarda daga Jami'ar Minnesota ta Amurka a kan Alzheimer ɗin nan, aka ambace ta fiye da sau 2,000. A 2022 aka tayar da maganar cewa an jirkita hotunan gwajin da ke cikinta, a 2024 aka janye ta. Shekara goma sha takwas tana tara ambato.

Shi ya sa abin da ya fi burge ni a Dokta Maina ba ya cikin wannan lissafi. A 2021 ya jagoranci kafa BioRTC, cibiyar bincike da horarwa kan kimiyyar lafiya, a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, aka shigo da manyan madubai na hangen ƙwayoyin halitta, ana horar da matasa daga sassan Najeriya da ma maƙwabta. Suna samar da ƙwayoyin halitta na gwaji daga jikin mutanenmu, domin akasarin waɗanda ake bincike da su a duniya daga Turawa aka samo su, alhali ciwo ba ya kama kowane jinsi iri ɗaya. Sun kuma sa hannu a binciken ciwon ƙoda da ya addabi yankin Gashuwa.

Haɗin gwiwar da nake so ke nan. Ban yarda da wanda za a zo a ɗebi jinin mutanenmu a tafi da shi, a rubuta sunan malaminmu na takwas a jerin marubuta ba. Ina roƙon masu kwamitocin ƙarin girma, idan fayil ya zo gabanku, ku buɗe takarda biyu ko uku ku karanta da idonku, ku tambayi wane ne ya tsara binciken, a wane ɗakin gwaji aka yi shi, kuma ɗalibai nawa suka koyi aikin a hannunsa.