Ku bar yi wa yaron nan dariya, ku tambayi kwalejin sanda nawa ya ƙona

Tun jiya raina ke ɓace kan bidiyon nan, kuma masu dariyar ne suka ɓata min shi. Kun dai gani: bikin yaye ɗalibai, an sha dogon jawabi kan tarihin kwaleji, sannan aka kira gwarzon sashen walda ya haɗa ƙarfe biyu a gaban baƙi. Sau uku sandar walda, wato siririn ƙarfen da ake narkarwa a yi haɗin, na manne wa ƙarfe, yana murɗawa yana ja, gumi na keto masa. Shi ke nan kowa ya samu abin yaɗawa, wai ga injiniyan gobe.

To madalla da ku. Amma cikin masu dariyar wa ya lura da injinan da ke bayansa? Sababbi fil, wasu ko ledar kamfani ba a cire ba. Kebur a naɗe tsaf, teburin aiki babu tabon wuta ko ɗaya. Wurin da ake koyon walda da gaske baƙi ƙirin yake, ƙasa cike da guntayen sanda, ko'ina tartsatsi ya bar shaida. Wannan ɗaki kuwa yana sheƙi kamar ɗakin tiyata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma cibin da ya fito jiya na kwalejin ne.

Kwalejin koyon sana'a ana auna ta ne da kayan da suka ƙare a hannun ɗalibai. Sandar walda nawa aka ƙona, waya mita nawa aka yanka, yadi nawa aka ɓata, katako nawa aka lalata. In ba a ɓata kaya ba, ba a koyi komai ba. Shekarar kafuwa da hoton wanda ya aza tubali ba su koya wa kowa riƙe sanda.

Ku zo mu yi lissafi. Mu ɗauka aji na da ɗalibai 40, inji ɗaya ne ake kunnawa, darasin aiki sa'a 3 ne a mako. Minti 180 a raba wa mutum 40, kowa ya tashi da minti 4 da rabi. Ba mu cire lokacin kiran suna da bayanin malam ba. Ba mu kuma cire hutun inji ba, don ƙaramin injin da aka rubuta masa kashi 60 cikin ɗari, ma'anarsa minti 6 na aiki, minti 4 na hucewa cikin kowane minti 10, in an ɗora shi kan ƙarfin da aka rubuta. Sanda ɗaya mai kaurin milimita 3.2 da tsawon milimita 350 takan ƙone cikin minti ɗaya da 'yan kai. Wato yaro ya samu sanda biyu ko uku a mako in ya yi sa'a. Kilo ɗaya na irin wannan sanda kuwa guda talatin ne da ɗoriya. Ke nan zango guda zai wuce bai gama da kilo ɗaya ba, kuma da wannan ake so ya fito gaban jama'a ya burge.

Me ya sa sandar ta manne? Duk mai walda ya sani. Ko dai wutar ta yi ƙasa, ko ya dangwara sandar ya tsaya a kai maimakon ya ƙyasta ta kamar ashana ya ɗaga, ko matsen wayar ƙasa na kan tsatsa ko fenti, ko sandar ta sha danshi. Sanda mai lamba 6013 mai milimita 3.2 tana son ƙarfin wuta wajen amfiya 90 zuwa 130, mai 2.5 kuma wajen 60 zuwa 90. In ka rage ta manne, in ka zarce ta yi ta feshin tartsatsi tana cin gefen ƙarfe, ta bar maka kwari a bakin ɗinkin. Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin ƙarfen da ke cikin sandar, kuma tana ƙonewa tana gajarta, dole hannu ya riƙa sauka a hankali yana kuma tafiya gaba lokaci guda. Na rantse yaron nan zai iya rubuta duk wannan a jarrabawa ya ci. Hannunsa ne bai sani ba, kuma hannu ba ya karanta allo. Sai ya ƙona ɗaruruwa kafin kunnensa ya gane ƙarar da ke cewa wuta ta zauna daidai. Wannan ma a kwance ke nan, ba a zo waldar tsaye da ta saman kai ba.

Na san abin da za a ce. Wai ba kuɗi. An samu na injina goma da za a jera don hoto, na sanda ne ya gagara? Gaskiyar ita ce inji ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, kwalin sanda kuwa ba mai kiran 'yan jarida a kansa. Inji uku da ke aiki kullum da sito cike da sanda sun fi goma da ke cikin leda. Wai kuma karatun allo ma na da amfani. Wa ya ce ba shi da shi? Ya kamata yaro ya san cewa 60 ɗin da ke cikin 6013 ƙarfin jurewar waldar yake nufi, 1 ɗin kuma na nufin ana iya aiki da ita a kowane matsayi, ya san sanda mai lamba 7018 ba ta shiri da danshi sai an adana ta a tanda. Minti goma ya isa a koyar da wannan. Sauran watannin fa? Masu cewa ai zai koya in ya fita, to me ya kawo shi kwaleji? Da tun farko ya tafi wurin mai gida, da yanzu ya yi nisa.

Kuma kada a ɗauka walda ce kawai. Leƙa sashen wayarin. Allo ɗaya na katako, an ɗaura masa soket da makunni tun shekarun baya, kowane aji ya zo ya kalla ya zana a littafi. Yaro ya haddace cewa waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket, amma bai taɓa fere waya sau hamsin ba har ya daina yanke silin tagullar. Bai san yadda ake ɗaure kusar soket ta kama sosai ba, alhali sako-sakon haɗi shi ke ɗaukar zafi har roba ta narke gida ya kama. Bai taɓa kuskuren sa makunni kan wayar da ba ta ɗauke da wuta ba a gaban malam, a nuna masa cewa fitila ta mutu amma mazaunin ƙwan na nan da wuta a jikinsa. Bai taɓa riƙe na'urar gwajin rufin waya ya tura bolt 500 ya ga ko ta kai megom 1, alamar rufin ba ya yoyon wuta, ba, balle ya gwada birekar kare rai mai miliamfiya 30. Waya in an yanka ta yanku, shi ya sa ake rowar ta. Kuskuren da aka hana shi yi a aji, zai je ya yi shi a gidan mutane.

Haka ɗinki: keke ashirin a jere, amma ana koyon yanka da takarda har a gama, yarinya ba ta taɓa jin yadda yadi mai santsi ke gudu a ƙarƙashin allura ba.

Ga masu son kawo misalin Jamus a kowane taro, ku kawo shi cikakke. Can, ƙarƙashin dokar koyon sana'a da aka fara kafawa a 1969 aka sabunta a 2005, ɗalibi kan yi kwana ɗaya ko biyu a makaranta, sauran kwanakin mako yana kamfani yana aiki da kayan gaske, ana biyansa, tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi, cikin sana'o'i sama da 300 da hukuma ta amince da su. Jarrabawar ƙarshe kuma majalisun masu masana'antu da masu sana'ar hannu ke shirya ta, ba malamin da ya koyar shi kaɗai ba. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanya suke bi bayan karatun dole. Sirrin dai sa'o'in da hannu ya yi kan aiki ne. An kwaso sunan tsarin an bar sa'o'in.

Yanzu maganar tallafi, kuma a nan ba gatse nake ba. Yaran da ke shiga irin waɗannan kwalejoji da yawansu wannan ce damar da ta rage musu. Wani iyayensa sun matse bakin aljihu, wani ya bar ɗan abin da yake samu ya zo. Abin da ake kira tallafi shi ne a miƙa masa inji ranar biki a tafa. Injin da bai iya ba, in ya sayar bayan wata biyu a ce matasa ba su da kishin kansu. Tallafin da zai amfane shi tun ranar farko yake farawa: safar fata da garkuwar fuska tasa ta kansa, ɗakin aiki a buɗe bayan an tashi darasi, malami ɗaya kan ɗalibai ƙalilan da zai iya kama hannun kowa, wurin gwajin aiki da kwalejin ta nema da kanta, da wani da zai je ya duba ko aiki ake koya masa ko aike. Kafin a ba shi takarda kuma a yanko tsinke daga waldarsa a lanƙwasa shi ya koma kamar harafin U. In ya tsage fiye da milimita 3, ya koma ya sake, a kuma ba shi sandar da zai sake da ita.

Iyaye, in za ku kai yaro, ku bar takardar talla da jerin kwasa-kwasai. Ku ce a buɗe muku sito. Ku tambayi kilo nawa na sanda aka saya zangon da ya wuce, ku raba da yawan ɗalibai. Ku duba kwandon shara na ɗakin aiki, in babu guntayen ƙarfe da waya a ciki ku kama hannun ɗanku ku juya.

Af, har na manta. Manyan baƙin da suka zagaye yaron suna leƙe, wasu da tabaran rana, wasu ido tsirara. Allah ya so ku wutar ba ta kama ba. Hasken walda na ƙona saman ƙwayar ido, kuma ba a ji nan take, sai bayan sa'a 6 zuwa 12, yawanci tsakar dare, mutum ya farka kamar an watsa masa yashi, hawaye na zuba, ko fitila ba ya son gani. Gilashin garkuwa na irin wannan aiki mai duhu lamba 10 ne zuwa sama, tabaran rana ko kusa bai kai ba. Kuma bututun da aka ba yaron ya haɗa, in idona ya gane daidai, mai rufin zin ne, ƙarfen da ake shafawa don hana tsatsa, wanda hayaƙinsa ke sa zazzaɓi da ciwon jiki in ba a goge rufin ba kafin a ɗora wuta. A rufaffen ɗaki fa, tagogi duk a kulle saboda na'urar sanyaya ɗaki da aka kunna wa baƙi.