Tun Kana Makaranta Ake Tara Abin Da Za Ka Nuna Wa Mai Ɗaukar Aiki

Ƙannena da ke shekarar ƙarshe a jami'a ko kwaleji, maza da mata, da ku nake. Yawancinku kun jingine maganar neman aiki sai ranar da sakamako ya fito, kuma a nan aka fara ɓata rawar. Duk wanda zai nemi gurbin da kake hari yana riƙe da takardar shaida irin taka, saboda haka ba ita ce za ta raba ka da sauran ba. Mai ɗaukar ma'aikata hujja yake nema cewa an taɓa damƙa maka wani aiki ka kai shi ƙarshe. Irin wannan hujjar kuwa ba a haɗa ta cikin mako guda. Tun ran gini, ran zane.

Babbar damarka ita ce horon sanin makamar aiki, wanda da yawa ke mayarwa hutu: a leƙa, a sa hannu a rajista, a koma gida. Kai ka je kullum, ka roƙi a ba ka aiki na gaske ko da ƙarami ne. Ka ajiye ɗan littafi, duk ƙarshen mako ka rubuta abin da aka ba ka, da manhajar ko na'urar da ka yi shi da ita, da abin da ya haifar. Kafin ranarka ta ƙarshe ka karɓi wasiƙar shaida mai sa hannu da hatimi, don bayan shekara biyu ana iya yi wa wanda ya kula da kai canjin wurin aiki, ko ma ya manta kamanninka. Binciken kammala karatu, riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai, koyar da yara darasi da yamma, duk suna shiga lissafi in ka iya faɗin abin da ka yi da adadinsa.

Sai mutane. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter, ɗan Amurka, ya wallafa nazarin da ya nuna cewa labarin gurbin aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama, ba aminansa na kullum ba. Dalilin a fili yake: abin da amininka ya ji, kai ma ka ji, amma wanda ya riga ka gamawa da shekara uku yana yawo a inda ƙafarka ba ta kai ba. Ka nemi irin waɗannan, da malamanka, da waɗanda kuka haɗu wurin horo. Kada saƙonka na farko ya zama "a taimaka a samo min aiki", wannan nauyi ne ka ɗora wa mutum, zai yi shiru. Ka tambaye shi abin da zai iya amsawa cikin minti biyar, misali wace ƙwarewa ake fara dubawa wajen sabon shiga a fanninsu. Ka buɗe shafi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, mai cikakken sunanka da hoto na mutunci, ka kuma share abin kunya daga sauran shafukanka, ana dubawa.

CV, wato takardar taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, ta sabon mai digiri shafi ɗaya ya ishe ta. Suna, lambar waya da imel a sama, sai karatu, sai ayyukan da ka yi, na baya-bayan nan a farko. Abin da ke kashe yawancinsu shi ne yabon kai marar tushe. "Ni mai ƙwazo ne, mai iya zama da jama'a" ba ta gaya wa kowa komai, kowa haka ya rubuta. Kwatanta ta da wannan: "Na shigar da bayanan kaya 400 a Excel, na gano 30 da aka maimaita, aka gyara lissafin sito." Mai karanta ta biyun ya ga mutum a bakin aiki.

Ƙananan abubuwa ma suna kayar da mutum. Adireshin imel mai laƙabin da abokai suka sa maka, ka buɗe sabo da sunanka. Fayil mai suna "gyara na ƙarshe 3", ka sa masa sunanka, ka tura shi a PDF sai in an nemi wani tsari, don kada rubutun ya wargaje a kwamfutar wani. Manyan kamfanoni da yawa suna fara zuba takardun masu nema a manhajar tantancewa, kuma jadawali da akwatunan rubutu da ƙawa a cikin CV kan rikita ta, ta kasa karanta abin da ke ciki. Ka bar shafin a sauƙaƙe ba ƙawa, ka yi amfani da kalmomin da ke cikin sanarwar aikin inda suka dace da kai da gaskiya. Wannan na nufin kowane gurbi da nasa gyaran. Takarda goma da aka auna sun fi ɗari da aka watsa. Kuma kada ka sa sunan wani a matsayin mai ba da shaidarka ba ka nemi izininsa ba; in aka kira shi ya ce "wa ke nan?", magana ta ƙare.

Ranar intabiyu, tambayar da ke rikita sababbi ita ce "ba mu labarin lokacin da ka fuskanci matsala". Ka tanadi labarai uku ko huɗu na gaskiya, kowanne da gaɓa huɗu: halin da ake ciki, abin da ya rataya a wuyanka, matakin da kai ka ɗauka, da yadda aka ƙare. Kada ɗaya ya wuce minti biyu. Ka faɗe su da baki a gaban wani, don abin da ya tsaru a kai yakan sarƙe a harshe. Ka ce "na yi" inda kai ka yi, "mun yi" tana ɓoye ka. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo shi. In ta bidiyo ce, ka gwada sauti da kyamara tun jajibiri.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom na musamman ko na tabbatar da gurbi kafin a ɗauke ka, ko ya nemi lambar sirrin katinka na banki, ɗan damfara ne, komai kyan tambarin da ke kan wasiƙarsa.

In Allah ya sa aka dace, kada murna ta sa ka sa hannu ba ka karanta ba. Ka tambaya ko adadin da aka rubuta albashi ne kafin a cire haraji da fansho ko bayan an cire, don tazarar ba ƙarama ba ce. Ka duba tsawon lokacin gwaji, wanda sau da yawa wata uku ne zuwa shida, da wa'adin sanarwa in ɗayanku zai raba gari, da awannin aiki. Alkawarin da aka yi maka da baki, ka roƙi a sa shi a rubuce. A makon farko ka tambayi shugabanka abin da yake son gani daga gare ka cikin wata uku, ka rubuta a gabansa, ka koma masa da takardar a ƙarshen kowane wata ku duba inda aka kwana.