Alkafurar mota a tafin hannu: ra'ayina a kan wasan Asphalt 8

'Yan uwa, na daɗe ina so in rubuta wani abu a kan wasan tseren motocin nan da ya cika wayoyin matasanmu a Garwa, wato Asphalt 8: Airborne, amma na ƙi yin gaggawa har sai da na shafe watanni ina buga shi da hannuna, domin bai kamata mutum ya yanke wa abu hukunci daga leƙen kafaɗar wani ba. Na yi shekaru ina tuƙin motar haya tsakanin Garwa da Ngaundare, tafiyar kusan kilomita 280, saboda haka da idon direba na fara kallon wasan, kuma da farko ban ga abin yabo a cikinsa ba. Yanzu ra'ayina ya rabu biyu. Tuƙin da ke cikin wasan yana daga cikin mafi daɗin abin da aka taɓa ƙerawa don wayar hannu, amma kasuwar da aka kafa a kewayensa tana neman danne wannan daɗin.

Kamfanin Gameloft na Faransa ne ya fitar da wasan a watan Agusta na 2013, kuma reshensa na Barsalona ne ya gina shi. Jerin wasannin Asphalt kuwa ya faro tun 2004. A ranar fitowarsa yana da motoci 47, dukkansu na kamfanonin gaske irin su Ferrari da Lamborghini da Bugatti, an kasa su aji biyar, daga D na masu farawa, sai C da B da A, har zuwa S inda manyan dodanni suke. Mutum yana farawa da ƙaramar mota, Dodge Dart GT, daga nan ya riƙa hawa a hankali.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sauƙin sarrafa shi. Babu giya, babu kuloci, kuma a tsarin da wasan yake zuwa da shi ko totur ba ka takawa, motar ce take ba kanta wuta. Wayar ita ce sitiyari: ka karkata ta dama motar ta yi dama, ka karkata ta hagu ta bi. Taɓa gefen hagu na fuskar waya shi ne birki, kuma da shi ake sa motar ta zame a kwana, gindinta ya fita waje tayoyi suna hayaƙi. Taɓa gefen dama kuma yana sakin naituro, wato wutar nan da take cilla motar gaba kamar an harba kibiya. Yaro ɗan shekara bakwai zai fahimci wannan cikin minti biyu. To amma a nan ne masu ƙera wasan suka nuna gwanintarsu, domin naituro yana ƙarewa, kuma hanyar da ta fi cika shi ita ce kasada: zamewa a kwana, wucewa dab da motar da ke tahowa ba tare da an goge ta ba, ture abokin tsere, da tashi sama. Wanda ya tuƙa a tsanake kamar mai ɗauke da fasinjoji zai ƙare a baya. Wanda ya yi ganganci ba lissafi zai yi ta rugurguza motarsa, kuma kowane karo yana cinye masa daƙiƙoƙi masu tsada. Nasara tana hannun wanda ya san lokacin da kasada take biya. Hatta sakin naituron yana da nasa sirri, domin idan ka taɓa sau ɗaya, ka jira ma'aunin ya kai wurin da aka yi wa alamar ja, sannan ka sake taɓawa, wutar da za ka samu ta fi tsawo da inganci a kan ta wanda ya danna sau uku a jere don zumuɗi.

Tsalle iri biyu ne suka ba wasan sunansa na Airborne, wato "a cikin iska". Na farko shi ne alkafura, inda motar take mirginawa a iska ta gefe kamar ana juya tsire a kan wuta. Na biyu kuma motar tana juyawa a kwance kamar katantanwa. Na shafe kusan mako biyu ban iya ko ɗaya da gangan ba, sai dai ya zo mini bisa dace. Wata rana bayan la'asar muna zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gida a Yelwa, ɗan ƙanwata yana kallon yadda nake fama, sai ya ce, "Kawu, ba a fuskantar wannan tudun a miƙe. Dubi yadda ya karkace, gefen da ya ɗaga za ka hau, sannan ka bar wayar ta zauna daidai, kada ka juya ta a sama." Na ce masa, "To ɗana, na katantanwar fa?" Ya ce, "Shi kuma a shimfiɗaɗɗen tudu ake yinsa, sai ka taɓa birki motar ta fara zamewa kafin ka hau." Na gwada sau uku ina faɗuwa a kan rufi. A na huɗu motar ta tashi, sararin sama ya koma ƙasa, ƙarar injin ta yi sanyi na ɗan lokaci kamar an toshe kunne, sai ga tayoyi huɗu sun dira tare kuma ma'aunin naituro ya cika. Wannan ɗan shirun da ake yi a iska kafin saukar, a ganina, shi ne zuciyar wasan gaba ɗaya, kuma har yau idan na dira daidai ina jin daɗinsa a ƙirjina.

Abokan sana'ata na tasha suna cewa wasan ƙarya ne tsagwaronta, wai wace mota ce za ta faɗo daga tsayin bene ta ci gaba da gudu ba tare da ƙafarta ta karye ba. Gaskiyarsu a kan ƙarfe da nauyi, kuma ni da na sha sauko da mota cike da mutane daga hawan dutsen da ke arewa da Ngaundare, ƙafata a kan birki, bakina da addu'a, ba na bukatar wanda zai tuna mini cewa mota ba ta tashi. Sai dai wasan bai taɓa cewa shi makarantar koyon tuƙi ba ne. Ku tuna da sukuwar da mahaya suke yi a gaban fadar Lamiɗo ranar sallah, yadda suke sakin linzami su taho a guje, su ja doki ya tsaya da ƙafafun baya dab da jama'a. Babu wanda yake tambayarsu dalilin da ya sa ba su tafi a hankali kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauye ba, domin kowa ya san nuna bajinta aka fito yi. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna Asphalt 8, kuma a kansa ya ci jarrabawa. Abin da kawai nake jaddada wa yaran gidanmu, musamman tun da aka ƙara babura a wasan a 2017, shi ne ɗaga ƙafar gaba ya tsaya a cikin waya, domin kwaltar gadar Binuwai ba ta mayar da wanda ya faɗi kan hanya bayan daƙiƙa uku kamar yadda wasan yake yi.

Hanyoyin tseren su ma sun cancanci yabo. Tara aka fara da su: Nebada, Aisland, Tokyo, Giyana ta Faransa, Landan, Barsalona, tsaunukan Alps, Benis da Monako, daga baya aka ƙara wasu kamar Babbar Ganuwar Sin da Dubai. Kowace hanya tana da rassa, wani gajere mai haɗari, wani dogo mai tudun tsalle, kuma sanin reshen da ya dace da motarka rabin nasara ne. Na fi son Giyana, inda ake ratsa daji da filin harba roka, domin a can ne na fara gane cewa hanyar da ta fi ban sha'awa ba lallai ta fi sauri ba. Akwai tudun da idan ka hau shi za ka burge kanka, amma na ƙasa sun riga sun wuce. A cikin taran nan na farko babu ko ɗaya a Afirka, kuma duk wanda ya taɓa ganin duwatsun Rumsiki sun tsaya cirko-cirko a ƙasar Kapsiki ya san an bar filin tsere mai kyau a baya.

Nau'o'in gasar suna hana gundura. Akwai tsere na yau da kullum, akwai wanda ake cire na ƙarshe lokaci bayan lokaci har a bar mutum ɗaya, akwai na zamewa ta cikin ƙofofi, da na gasar ture motoci. Kowane tsere yana da taurari biyar, uku na matsayin da ka zo, biyu na wasu sharuɗɗa kamar yin alkafura sau kaza, kuma waɗannan biyun ne suke sa mutum ya koma hanyar da ya riga ya ci.

Yanzu ga inda zuciyata take ɓaci. Lokacin da wasan ya fito, sayensa ake yi a kan abin da bai kai dalar Amurka ɗaya ba, bayan 'yan watanni aka mayar da shi kyauta. Wasan da ake bayarwa kyauta dole ya nemi kuɗinsa ta wata ƙofa, kuma ban ƙi mai aiki ya ci guminsa ba. Amma a tsawon shekaru an yi ta jibga masa kuɗaɗen cikin wasa iri-iri, da katunan gyaran mota, da akwatunan sa'a, da tallace-tallace, har ta kai mai buɗe shi yau sai ya ratsa tayin saye da dama kafin ya ga kwalta. Kowace mota tana da lambar ƙarfi, kowane tsere yana da lambar da ake so ka kai, kuma da zarar ka fara nisa sai tazarar ta buɗe ta yadda gwanintar yatsa ba ta isa ta cike ta. A nan ake ba ka zaɓi biyu: ko ka maimaita tsere ɗaya sau da yawa kana tara tsaba, ko ka biya. Wannan tsari ya saɓa wa abin da ya sa wasan ya yi daɗi tun farko, domin a kan tudun tsalle ana saka maka ne da iyawarka, a shagon kuwa da aljihunka. Kuma farashin ba a yanka shi da mu a zuciya ba. Yuro ɗaya sefa 656 ne, don haka abin da yaron Turai yake gani canjin alawa, a nan kuɗin cefanen yini ne. A gasar intanet abin ya fi fitowa fili, inda za ka bi kwana da kyau, ka saki naituro a kan lokaci, sannan wata mota da aka cika da gyara ta wuce ka a miƙaƙƙiyar hanya kamar kana tsaye.

Akwai kuma nauyinsa a kan waya. Girmansa ya haura giga ɗaya, sabuntawa kuma ba ta ƙarewa, ga tsadar data. A watan Maris da Afirilu, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40, tsere huɗu ko biyar sun isa su sa bayan wayata ya yi zafi kamar murfin tukunya, hoton ya fara tsinkewa daidai lokacin da nake iska, caji kuma ya zube, alhali ba kullum ake samun wuta ba. Rage ingancin hoto a cikin saituna yana taimakawa ƙwarai, haka ma cire rigar wayar. Saboda masu ƙananan wayoyi kuma, a 2015 an fitar da Asphalt Nitro, wanda aka rage masa nauyi musamman saboda irin wayoyinmu.

Na gwada magajinsa, Asphalt 9 na 2018. Ya fi kyan hoto nesa ba kusa ba, har da hanya a Alƙahira, amma tsarinsa na TouchDrive, inda wasan yake riƙe maka sitiyari kai kuma naka kawai zaɓen reshe da zamewa da sakin naituro, ya raba ni da abin da na zo nema. Ana iya kashe shi, duk da haka hannuna ya fi sabawa da na takwas. Don haka na koma inda na fito, na tsaya a motocin aji D da C, inda tazarar kuɗi ba ta yi faɗi ba kuma tsere yake ƙarewa da ratar taku ɗaya. Ban sa ko sefa ɗaya a shagon ba, na kuma roƙi ɗan ƙanwata kada ya sa. Ranar Juma'a da yamma mukan karɓi waya ɗaya hannu da hannu a hanyar Giyana, kowa ya yi zagayensa mu gwada lokaci, kuma har yanzu yana gabana da daƙiƙa biyu da 'yan kai.