Yaron da ba ya shan ruwa saboda makaranta

Ranar taron iyaye a firamaren da 'yata take a nan Ingila na nemi bayi, sai wata malama ta nuna mini wata ƙofa mai faɗi da hoton keken guragu a jikinta. Ɗaki ne sosai, keke zai shiga ya juya bai taɓa bango ba. Ƙofar ta waje take buɗewa, don in mutum ya faɗi a bayanta a iya kai masa ɗauki. An kafa ƙarafan dafawa a bango, akwai kuma ɗaya kusa da mazaunin da ake ɗagawa a sauke, yadda yaro zai zame daga kekensa da kansa. Wurin wanke hannu ƙasa-ƙasa, madubi ma haka. Sai wata jar igiya da ta sauko daga rufi har kusa da daɓe, wanda ya faɗi ya ja ta ƙararrawa ta ɗauka. Malamar ta ce a bana yarinya ɗaya tak ke amfani da shi. Sannan ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, yadda muke yi a ƙasarmu.

Na ce mata mu a Sakkwato ba ma barin mutum shi kaɗai da lalurarsa, kuma gaskiya na faɗa. Sai dai tambayar ta sosa mini rai, don ɗan yayata ta tuna mini, wanda shan inna ta kama wa ƙafafu tun yana goye. Yaron nan daga asuba har a tashi makaranta ba ya sa ruwa a bakinsa, ko a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, don kada fitsari ya kama shi. Kun san masan makarantunmu, ba sai na bayyana ba. Wanda ke tafiya da hannuwansa, wannan ƙasar ce zai dafa, kuma da hannuwan zai ci abinci. Abokansa sun sha ɗaukarsa, Allah Ya saka musu, amma da ya fara zama saurayi kunya ta hana shi roƙo. Yanzu yana gida. Ko fa karatun bai gagare shi ba, a lissafi ba a wuce shi.

Doka kam muna da ita. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Su Turawan Ingila tun 1995 suke da irinta, wadda suke aiki da ita yanzu kuma ta 2010 ce. Bambancin shi ne a nan in makaranta ta ƙi, iyaye na da inda za su kai ƙara a saurare su. A can ana ta ba da kwangilar ajujuwa da bayi, ɗan kwangila ya ɗora matakala uku a ƙofa, jami'i ya sa hannu. Gangara ta siminti da ƙarfen dafawa da ƙofa mai faɗi nawa za su ƙara a kuɗin ginin? In ka yi magana a ce ai ga makarantar masu nakasa ta A.A. Raji a cikin garin Sakkwato. To yaron Isa ko Tangaza ko Kebbe fa? A 2020 aka yi murnar Najeriya ta rabu da shan inna, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu.

Ba na ce komai na Turawa daidai ne ba. Bayinsu ko buta babu, kuma na ga tsofaffi a kan keke waɗanda na'ura ta yi musu komai amma babu mai leƙa su.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba makarantar ba ce. Mu ne muka tashi da karatun tsarki tun muna makarantar allo, mu ne ke haddace Suratu Abasa, muka san a kan makaho ta sauka. Garin Shehu ne, garin Nana Asma'u da ta aika jajis, wato malamai mata, har ƙauyuka don kada karatu ya wuce matan da ba sa iya zuwa. Amma ku duba masallatan da masu kuɗinmu ke ginawa da tayil mai santsi: matakala a ƙofa, wurin alwala a kan tudu, bayi a lungu. Gurgu ya zo Juma'a, a ba shi sadaka a bakin ƙofa, ya yi sallarsa cikin rana kusa da takalman mutane. Ɗan yayata ma can yake tsayawa da kekensa.