Na Fara Koyon Judo Ina da Shekara 51, Kuma da Faɗuwa Aka Fara Mini

Tun ranar da wani abokin aikina ya gan ni ina fitowa daga wajen atisaye da fararen kayan judo, wato kokawar Japanawa, a cikin jaka, tambaya ɗaya ake ta yi mini a ofis da majalisa: Alhaji, da wa za ka yi faɗa a wannan shekarun? Wasu cikin raha suke yin ta, wasu kuwa da gaske suke ganin na zubar da girma, har wani yayana ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a ya tuna mini cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau shekara biyu ke nan da farawata, kuma ina ganin ya kamata in ba da amsa a fili, domin na san akwai sa'o'ina da yawa masu sha'awar abin, kunya ce kawai ta riƙe su.

Ni dai ba faɗa ya kai ni ba, rasuwar mahaifina ce ta kai ni. Santsi ya kwashe shi a banɗaki yana da shekara 74, ƙashin ƙugunsa ya karye, kuma daga wannan kwanciya bai sake takawa da ƙafarsa ba har Allah ya karɓi abinsa. Mutum ne wanda ya yi noma, ya yi fatauci, bai taɓa kwana a asibiti ba, amma faɗuwa ɗaya ta daƙiƙa guda ta mayar da shi sai an kwantar, sai an tayar. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya faɗuwa a matsayi na biyu, bayan haɗarin hanya, cikin abubuwan da suke kashe mutane ba da gangan ba, kuma tsofaffi ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Sai na tambayi kaina: a duk rayuwata, wa ya taɓa koya mini yadda ake faɗuwa?

A judo, wannan shi ne darasin farko, kuma Japanawa suna kiransa ukemi. Malamina yaro ne ɗan shekara 27, sa'an ɗana na fari. Yana ce mini Baba, ni kuma ina ce masa Malam, kuma babu wanda wannan ya rage wa komai a cikinmu. A ranar farko ya sa na tsuguna a kan katifa ya ce, "Baba, ku manna haɓarku a ƙirji, ku kalli ƙullin ɗamararku, in kun tafi baya ku daki katifa da hannu biyu a miƙe, kada ku dafa." Wata uku cur ina wannan: daga zaune, daga tsugune, sannan daga tsaye, ta baya da ta gefe. Hikimar ita ce, wanda ya faɗi ba tare da sani ba yakan miƙa tafin hannu ya tare ƙasa, nauyin jikinsa duka ya sauka a wuyan hannu ya karye, ko kuma ƙeyarsa ta bugu. Wanda ya koya kuwa yana baza nauyin a faɗin baya da hannu, kansa kuma ba ya taɓa ƙasa. A daminar bara na taka jiƙaƙƙen tayil a wajen alwala, ƙafafuna biyu suka tafi gaba lokaci ɗaya. Ban yi tunanin komai ba, sai dai na tsinci kaina a kwance, haɓata a ƙirji, hannuna ya daki ƙasa da kansa. Na tashi da tsamin jiki na kwana biyu, ba karaya, ba targaɗe. A wannan rana na tuna mahaifina ƙwarai.

Ina ganin abin da ya sa muke kallon wannan harka a matsayin ta yara shi ne yadda muka san ta a ƙasar Hausa. Mun san dambe, inda ake naɗa wa matashi kara a hannu, makaɗa suna zuga shi, ya shiga fili neman kisa. Mun san kokawa, wadda a Nijar ake gasar takobinta ta ƙasa tun 1975. Mun ga Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a takwando a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, kamar yadda Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijin a 2008. Duk waɗannan abin alfahari ne, amma sun sa mun ɗauka cewa wurin nan na zakaru ne kawai, dattijo kuwa nasa shi ne ya zauna a kujera ya yi kari. Alhali Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a birnin Tokiyo a 1882, malamin makaranta ne mai ƙaramin jiki, kuma tarbiyya ya nufa da ita: yadda mutum zai yi amfani da ɗan ƙarfin da yake da shi ta hanya mafi dacewa. Wannan manufa ta fi dacewa da mai shekara hamsin fiye da mai ashirin, domin shi ne ƙarfinsa ya fara raguwa, dole ya yi tattalinsa.

Batun kare kai kuwa, a nan nake son a saurare ni da kyau, saboda akwai masu yaudarar mutane da bidiyo a Facebook da TikTok, suna nuna yadda ake ƙwace wuƙa daga hannun ɗan daba cikin motsi biyu. Na tambayi Malam wannan dabara a wata na shida, lokacin da ƙwacen waya ya yi ƙamari a unguwarmu. Bai ce mini komai ba, sai ya ɗauko guntun gawayi ya ba wani yaro ɗan shekara 16, ya ce wannan ita ce wuƙar, ni kuma in ƙwace ta. Ba mu yi daƙiƙa goma ba ya tsayar da mu. Na duba farar rigata, na ƙirga baƙin zane bakwai, biyu a ciki, ɗaya a wuya. Malam ya ce, "Baba, kowane zane ɗinki ne, wani ma kabari ne. In an zare muku wuƙa a kan waya, ku miƙa wayar." Wannan darasi ya fi mini duk wata kayarwa da na koya. Abin da horo yake ba mutum irina shi ne ya ɗaga kai daga waya yana tafiya, ya lura da wanda yake binsa, ya san tazarar da bai kamata ya bari baƙo ya ƙetare ba, ya iya zame hannunsa in an riƙe shi, ya tsaya da ƙafafunsa in an hankaɗe shi, sannan ya samu numfashin da zai kai shi inda jama'a suke. Na kuma lura da cewa tun da na san yadda jiki yake saurin lalacewa, na daina ɗaga murya a kan titi in mai adaidaita ya goge mini mota. Hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, a kan katifa na fahimce shi fiye da yadda na fahimce shi a da.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Jikin babba ba ya murmurewa da sauri, abin da yaro zai warware a dare ɗaya ni sai na kwana uku, kuma gwiwata ta hagu ta hana ni wasu dabarun har abada. Saboda haka wanda zai fara ya je likita ya auna masa jini da suga da zuciya, ya gaya wa malaminsa duk ciwon da yake da shi ba tare da jin nauyi ba, ya tsaya a kwana biyu a mako, kuma ya guji gwada ƙwanji da samari. Duk malamin da ya sa sabon shiga mai furfura yin karo a makon farko, a bar masa wurinsa. Wanda gaɓoɓinsa ba za su ɗauki judo ba, akwai taici ta mutanen Sin, wadda ake yi a tsaye cikin natsuwa, kuma tana gyara daidaiton tsayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ba duk babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ta kuma ƙara wa wanda ya kai 65 atisayen ƙarfi da na daidaito kwana uku a mako.

Abin da yake damuna shi ne iyayenmu mata da matanmu, waɗanda ƙashinsu ya fi namu saurin yin rauni bayan tsayawar al'ada, amma kusan babu inda za su je su koya a cikin sutura, a hannun mace 'yar'uwarsu. Masu wuraren motsa jiki da ƙungiyoyin unguwa suna iya ware musu safiya ɗaya a mako, in da za a ɗauki abin da muhimmanci. Kafin a kai ga haka, na sayi katifa biyu na shimfiɗa a tsakar gida, ina koya wa uwargidana abin da aka koya mini, daga zaune muka fara.

Yayana da ya yi mini maganar icce ya zo gidan makon jiya ya tarar da mu muna yi. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya cire hularsa ya ajiye a kan kujera, ya ce in nuna masa inda ake sa haɓar.