Kafin ka sayi katin hoto, buɗe murfin ka leƙa

Ranar Asabar da ta wuce ƙanena ya kira ni daga Kano, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, don Allah idan ka shiga Ikeja ka duba min katin hoto mai ƙarfi. Kwamfutar nan ta ishe ni, bidiyon biki ɗaya sai ta kwana tana fitar da shi." Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoto da bidiyo. Na ce to, amma fara kwance murfin gefe ka ɗauko min hoton cikinta. Da hoton ya iso sai da na yi dariya ni kaɗai a shago. Siririyar kwamfutar ofis ce, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai da Amurka bayan kamfanoni sun gama da su. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai, sanda ɗaya mai 8 GB, tsohon faifan ajiya mai juyawa, akwatin wuta, mai raba wa sassan kwamfuta lantarki, an rubuta masa wat 180, ƙura kuwa ta naɗa wa fanka rawani.

Shekarata bakwai a Agege, Legas, ina tace bidiyon biki da tallan shaguna, amma a Kano na koyi sana'ar, a wani ɗan ɗaki da ke bayan titin gidan Zoo. Na zauna a kasuwannin biyu, don haka zan faɗi abin da na gani: yawancinmu daga ƙarshe muke fara gyaran kwamfuta, kuma Legas ta fi Kano saurin ingiza mutum ga wannan kuskure.

A Kano, idan ka je titin Beirut ko Farm Centre, abin da ka tarar shi za ka saya, wani lokaci ma sai an yi maka odarsa ka jira. Amma mai shagon ɗan unguwarku ne, ko abokin yayanka, kaya ya ba da matsala ka mayar masa a zauna a daidaita. Jiran nan da muke ƙorafi a kai yana da rana, domin kafin kaya ya iso ka tambayi mutum uku. A Computer Village kuwa, kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, tun daga bakin titin Otigba yara ke riƙe maka hannun riga. Babu abin da babu, sabo da tokumbo, katunan hoto jere cikin gilashi suna ƙyalli. Ka shiga da niyyar sayen abu ƙarami, ka fito da babban kwali da aljihu wayam. Wajen yawan kaya Legas ta yi wa Kano fintinkau, wannan ba a musu. Sai dai a nan saninka ne kaɗai ɗan'uwanka.

Ni ma na taka wannan sawun. Na tara kuɗi na sayo katin hoto RTX 3060 mai 12 GB na hannu, na kawo na cusa a kan akwatin wuta maras suna da aka manna wa takarda wai wat 500. Katin shi kaɗai yana jan wat 170, kuma Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro shi, ta ce a haɗa shi da akwatin wuta na wat 550. Ban karanta ba. Daren da zan miƙa bidiyon wani biki, aiki ya kai kusan ƙarshe, kwamfuta ta yi ɗif. Na kunna, ta sake. Sau huɗu. Da asuba uwar amarya ta fara kira, "Ɗana, ina alkawari?" Katin lafiyarsa lau, ni ne na ɗaura sirdin doki a bayan jaki. Sai da na sayi akwatin wuta na kirki mai tambarin inganci na 80 Plus sannan na samu barci.

Na ƙanena ma ya fi nawa wuya, domin irin waɗannan siraran kwamfutocin dogon kati ba ya shiga cikinsu, kuma sau da yawa mahaɗin wutarsu na kamfanin ne, ba ka iya canja akwatin wutar da kowane ka samu. Iyakacinsa gajeren kati da ke shan wuta daga madabod kawai, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai, wanda ba ya wuce wat 75.

Abin da ya fi damunsa ma faifan ne. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake kai 150 MB a daƙiƙa. SSD, wato ma'ajiyar zamani marar faifai mai juyawa, nau'in SATA yana kai wajen 550, nau'in NVMe kuwa 3,500 ko ninkinsa, gwargwadon madabod. Duk wanda ya taɓa cire faifai ya sa SSD ya san abin da nake nufi: kwamfutar da kake kunnawa ka tafi ka yi alwala ka dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe. Bayan shi sai RAM. Kamfanin Adobe da kansu sun ce manhajarsu ta tace bidiyo, Premiere Pro, na son 16 GB ga bidiyon HD, 32 GB ga 4K. Sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin hanya biyu suke buɗe wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. A kula kuma, DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Wanda ke aiki da DaVinci Resolve shi ne zai iya cewa kati ya matsa masa, don wannan manhajar a kan kati ta fi jingina. Mai Photoshop da CorelDraw, yana zana kalandar biki da allon shago, bai da uzuri.

Akwai cutar da Kano da Legas suka yi tarayya a kanta wajen tambayar furosesa: "Core i7 ce?" Da an ce eh, ciniki ya faɗa. Ba wanda ke tambayar zuriya ta nawa. Ta ƙanena ta shida ce, ta 2015, kuma i3 ta zuriya ta 12 da ta fito a 2022 za ta ba ta ratar gaske. Ga shi Windows 11 daga zuriya ta takwas take karɓa, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ke wannan hali ba a zuba mata dukiya, lallaɓa ta ake yi.

Sai wuta, wadda ba a ganinta cikin gilashin shago. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, na waɗanda suka fi samun wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200. Kwamfuta mai jan wat 400 na awa goma a rana ta ci yunit huɗu, wato sama da naira 24,000 a wata, ba a sa fanka da fitila ba. Idan janareta ne, kowa ya san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a 2023. Ƙaramin UPS ɗin nan mai 650 VA da muke saye don ya riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, abin da yake ɗauka bai wuce wat 400 ba, ka sa babban kati a ɗauke wuta, tare za su mutu. A Kano ƙurar hunturu da zafin Afrilu ke shaƙe na'ura, ta yi zafi ta rage gudu da kanta, mai ita yana zagin furosesa. A Legas danshi ne, har bakin RAM yakan dushe sai ka goge shi da robar goge rubutu.

Ban sayi katin ba. SSD mai 500 GB na saya masa da RAM ɗin DDR4 guda mai 8 GB, na ce ya hure ƙurar, ya kuma koyi tacewa da ƙananan kwafin bidiyo, sai wajen fitarwa ya koma kan na asali. Na ba wani direba ɗan garinmu da ke sauke tumatir a Mile 12 ya tafi masa da su. Da saƙon ya isa ya kira ni, murya a sanyaye, "Yaya, wannan ɗan abin kamar kwalin ashana shi ne duka?" Na ce ya ɗaura tukuna, kuɗin katin kuma ya ajiye su, madabod da furosesa za mu nema bayan sallah.